Gadar Mostar: tsohuwa ce ko sabuwa, kuma su wa ta haɗa?

Duk wanda ya taɓa cin karo da hoton ƙasar Bosniya, da wuya a ce bai ga wannan gada ba. Farin dutse ne ya lanƙwashe kamar baka, kogi kore shar yana gudu a ƙarƙashinsa, ga hasumiya a kowane ƙarshe. A ƙasan hoton galibi akan rubuta cewa Turkawa ne suka gina ta a 1566. A wani wurin kuma sai a ce an buɗe ta a 2004. Duka biyun gaskiya ne, kuma daga nan kan mai karatu yake fara ɗaurewa.

Akwai ruɗani na biyu da ya fi wannan nauyi. Wasu suna cewa kotun duniya ta kama waɗanda suka rusa gadar a yaƙin 1993 da laifi, wasu kuma suna cewa ta wanke su. Kowane ɓangare yana da takardar hukunci da zai nuna, domin sau biyu aka yi hukuncin. Na uku shi ne kirarin da ake yi mata na alamar sulhu tsakanin Musulmi da Kirista, alhali mutanen garin sun san inda iyakarsu take, kuma ba a kan kogin take ba.

Sunaye kafin a shiga magana

Mostar birni ne a kudancin ƙasar Bosniya da Hazegobina, a bakin kogin Neretva. A harshen mutanen wurin sunan gadar Stari Most, ma'ana Tsohuwar Gada. Masu gadinta a da ana kiransu mostari, kuma daga wannan kalma sunan garin ya fito. Wato gari ne ya ci sunan gada.

Al'ummu uku ne suke zaune a ƙasar. Harshensu kusan ɗaya ne, kowa yana jin kowa ba tare da tafinta ba, abin da ya bambanta su addini ne da tarihi. Akwai Bosniyak, waɗanda galibinsu Musulmi ne. Akwai Kuroshiyawa, mabiya ɗarikar Katolika. Akwai Sabiyawa, mabiya cocin Otodoks. A ƙidayar 1991, kafin yaƙi, Musulmi da Kuroshiyawa kusan kunnen doki suke a yankin Mostar, kowa da kimanin kashi ɗaya cikin uku, Sabiyawa kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar. An san garin da auratayya tsakanin ɓangarorin.

Rundunoni biyu za su yi ta fitowa a wannan bayani: HVO, rundunar Kuroshiyawan Bosniya, da kuma sojojin gwamnatin Bosniya, waɗanda mafi yawansu Musulmi ne. Kotun kuwa ita ce wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa a 1993 a birnin Heg don laifukan yaƙin tsohuwar Yugoslabiya. Ba ita ce ICC, kotun manyan laifuka ta duniya, ba, ko da yake gari ɗaya suka zauna kafin a rufe ta Yugoslabiya a 2017.

Baka ɗaya a kan kogi

Kafin gadar dutse, gadar katako ce a wurin, rataye da sarƙoƙi, tana lilo in an hau ta. Da garin ya bunƙasa a ƙarƙashin Daular Usmaniyya ta Turkawa, fatake da sojoji suka yawaita, sai Sarki Sulaimanu ya ba da umarnin gina ta dutse a 1557. Aikin ya faɗa hannun Mimar Hairuddin, almajirin mashahurin maginin daular, Mimar Sinan. Shekara tara aka yi ana fama.

Abin da ya sa magina suke girmama wannan aiki shi ne babu ginshiƙi ko ɗaya a cikin ruwa. Neretva kogi ne mai ƙarfi, yana gudu tsakanin duwatsu, kuma yakan cika ya tumbatsa, don haka duk ginshiƙin da aka kafa a tsakiya ambaliya za ta yi ta dukansa. Sai Hairuddin ya tsallake kogin da baka guda mai faɗin kusan mita 29, tsayinsa daga ruwa ya haura mita 20, hanyar da ke samansa kuma mita 4 ce. Magini Bahaushe da ya san ɗaurin baka a rufin soro zai gane dabarar nan take: nauyi yana gangarowa ta gefe biyu ya sauka a kan bango, a nan kuwa bangon shi ne dutsen gaɓar kogin. Matafiyin nan na Turkiyya, Evliya Celebi, da ya zo garin a ƙarni na 17, da bakan gizo ya kwatanta ta.

Dutsen da aka yi aikin da shi ana kiransa tenelija, daga wata mahaƙa kusa da garin. Yana da taushin sassaƙa in an haƙo shi. An ɗaure duwatsun da junansu da ƙugiyoyi da turakun ƙarfe, aka narka darma aka zuba a ramukan don kada tsatsa ta ci ƙarfen. Akwai labarin da ake bayarwa a garin cewa an yi wa maginin barazanar kisa in gadar ta faɗi, har ya shirya jana'izarsa ranar da za a cire katakan da suka tallafe bakan. Labarin baka ne, amma yana nuna yadda mutanen zamanin suka ɗauki aikin a matsayin kasada.

Gadar ta ga ƙarshen mulkin Turkawa a 1878, ta ga mulkin Ostiriya, ta ga yaƙin duniya biyu, tana nan tsaye. A 1986 aikin gyaran tsohon garin da ke kewaye da ita ya ci lambar yabo ta Aga Khan ta fasahar gini.

Ranar 9 ga Nuwamba 1993

Yaƙi biyu Mostar ta gani a jere. A 1992 sojojin Yugoslabiya da mayaƙan Sabiyawa suka yi wa garin ruwan wuta, Musulmi da Kuroshiyawa suka haɗa kai suka kore su. A wannan zagayen aka karya sauran gadojin garin, Tsohuwar Gada ta ji rauni amma ba ta faɗi ba. A watan Mayu na 1993 abokan jiya suka juya wa juna bindiga. HVO ta riƙe yammacin gari, aka yi ta korar Musulmi daga gidajensu ana tura su gabas, inda dubun dubatar mutane suka cunkushe cikin ƙawanya, ba ruwan famfo, ba wuta, abinci sai ɗan abin da ya samu shiga.

Sojojin gwamnati sun riƙe gabashin kogin da kuma wani siririn yanki a gaɓar yamma. Tsohuwar Gada tana cikin 'yan hanyoyin da suka rage tsakanin waɗannan wurare biyu. Mazauna suka rataya mata tsofaffin tayoyin mota, suka yi mata rumfa da katako da kwano, don rage ɓarnar harsashi da kuma kare masu tsallakawa daga maharba. Ta kanta ake wucewa neman ruwa da abinci. Ta kanta kuma sojoji suke wucewa da makamai. Wannan amfani biyu shi ne tushen duk gardamar da ta biyo baya.

Ranar 8 ga Nuwamba wata tankar yaƙi ta HVO ta wuni tana dukan gadar. Washegari da safe bakan ya karye ya rufta cikin kogi, bayan shekara 427. An ɗauki faɗuwar a bidiyo, duniya ta gani. A watan Maris na 1994 aka sa hannu kan yarjejeniyar Washinton wadda ta tsayar da faɗa tsakanin ɓangarorin biyu. A gurbin ta dutse kuma an rataya gadar waya ta wucin gadi.

Abin da kotu ta ce, sau biyu

Shugabannin Kuroshiyawan Bosniya shida aka gurfanar a shari'a ɗaya, cikinsu har da Jadranko Prlić, jagoran gwamnatinsu, da Janar Slobodan Praljak, wanda ya jagoranci HVO a watannin da suka kai ga faɗuwar gadar. Tuhumar tana da faɗi ƙwarai: kisa, korar jama'a, tsare mutane a sansanoni, rusa masallatai. Gadar ɓangare ɗaya ce kawai a ciki.

Dokar yaƙi tana da ma'auni biyu da ya kamata a rarrabe. Na farko: shin abin da aka kai wa hari yana yi wa abokan gaba amfani a fagen daga? In haka ne, ya zama halastaccen abin hari, ko da asalinsa na farar hula ne. Na biyu: ko da ya halasta, shin cutar da farar hula za su sha ta zarce ribar da soja zai samu? In ta zarce, harin ya haramta. Ga kayan tarihi kuma akwai ƙarin kariya a yarjejeniyar Heg ta 1954, sai dai ita ma ta bar ƙofa ga abin da ta kira larurar soja.

A hukuncin farko, ranar 29 ga Mayu 2013, alƙalai suka yarda cewa HVO ce ta rusa gadar, suka kuma yarda cewa sojojin gwamnati suna amfani da ita, saboda haka abin hari ce. Amma mafi rinjayensu suka ce ma'auni na biyu ya kama HVO. Faɗuwar gadar ta datse mutanen unguwar Donja Mahala, Musulmin da ke gaɓar yamma, ta bar su kusan ba hanyar samun abinci da magani, ta kuma karya zukatan jama'ar gari. Suka ce ɓarnar ta fi ribar, kuma an yi ta ne da nufin firgita mutane.

Aka ɗaukaka ƙara. Ranar 29 ga Nuwamba 2017 kotun sama ta soke wannan ɓangaren. Hujjarta ita ce, tunda an amince gadar abin hari ce kuma rusa ta ya ba HVO tabbatacciyar riba ta soja, ba za a kira shi ɓarnar da babu larurar soja a cikinta ba. Alƙali Fausto Pocar bai yarda ba, ya rubuta nasa ra'ayin dabam, yana ganin an yi watsi da ma'aunin daidaito da kuma darajar gadar ta tarihi.

Abu uku ne kotun ba ta taɓa ba, kuma su ne masu cewa "an wanke su" suke tsallakewa. Ba ta ce wani ne ya rusa gadar ba HVO ba, duk da cewa Praljak ya daɗe yana iƙirarin nakiya aka dasa mata daga ɓangaren Musulmi. Ba ta soke hukuncin sauran manyan laifukan ba. Ba ta kuma rage wa kowa ko kwana ɗaya ba: Prlić shekara 25, Praljak shekara 20, haka sauran. A zaman ne Praljak, da jin an tabbatar da ɗaurinsa, ya ce shi ba mai laifin yaƙi ba ne, ya ɗaga kwalba ya sha guba a gaban alƙalai, ya mutu a ranar. Wannan abin da ya faru ya mamaye labarai, har batun gadar ya shige ba a tsaya an fahimce shi ba.

Masana shari'a da dama sun nuna cewa tun a takardar tuhuma aka yi sakaci. An shigar da gadar ƙarƙashin ɓarnar dukiya gaba ɗaya, sashen da ya shafi gine-gine na musamman kuwa an taƙaita shi ga wuraren ibada da na ilimi. Wanda yake son ganin bambancin sai ya dubi Timbuktu. A 2016 kotun ICC ta ɗaure Ahmad al-Faqi al-Mahdi shekara tara saboda rusa hubbarorin waliyyai a 2012, kuma laifin da aka tuhume shi da shi kai tsaye shi ne kai hari kan kayan tarihi da na addini. A can babu wanda ya ce hubbaren yana da amfanin soja. Gada kuwa, komai tsufanta, hanya ce, kuma hanya soja yana bi.

Sabon dutse, tsohon suna

Tun ba a gama share ɓaraguzai ba aka fara muhawara kan abin da za a yi da gurbin. Wasu suka ce a bar kututturen yadda yake don ya zama shaida, kada sabon gini ya rufe laifi. Wasu suka ce a yi gada ta zamani, kowa ya san sabuwa ce. Mafi yawan mutanen tsohon garin gadarsu suke so ta dawo yadda suka san ta, kuma ra'ayinsu ne ya yi rinjaye.

A 1997 sojojin Hangari masu nutso suka shiga kogin suka tsamo manyan duwatsun da suka faɗa. Da aka bincika sai aka ga mafi yawansu sun tsage ko ruwa ya cinye su, ba za su iya ɗaukar nauyi ba. Sai aka koma mahaƙar tenelija aka yanko sababbi, ana sassaƙa kowane ɗaya bisa awon da aka yi wa gadar kafin yaƙi da kuma tsofaffin hotuna, har da 'yan karkace-karkacen da ke jikin ta farko. Aka maimaita dabarar ƙugiyar ƙarfe da narkakkiyar darma. Bankin Duniya da UNESCO da gidauniyar Aga Khan da Asusun Kula da Gine-ginen Tarihi na Duniya ne suka jagoranci shirin, Italiya da Holand da Turkiyya da Kuroshiya suka zuba kuɗi, wani kamfanin Turkiyya ya ɗaura bakan. Shirin ya ci kimanin dala miliyan 15. Aka buɗe ta ranar 23 ga Yuli 2004.

To, tsohuwa ce? Ƙa'idar da Turai ta daɗe a kai, wadda aka rubuta a birnin Benis na Italiya a 1964, tana ɗora asali a kan kayan ginin kansa: in dutsen ya tafi, abin da aka maido kwaikwayo ne. A 1994 wani taron masana a Nara ta ƙasar Japan ya faɗaɗa ma'anar, ya ce asali yana iya kasancewa a cikin siffa, da dabarar aiki, da wurin, da ma'anar da mutane suka ba abin. A ma'aunin farko gadar Mostar ginin 2004 ce. A na biyu ita ce dai ta Hairuddin, an sake ɗaura ta.

UNESCO ta bi ta tsakiya. Da ta sa wurin cikin jerin kayan tarihin duniya a 2005, ta dogara ne da sharaɗi na shida kaɗai, wanda ya shafi ma'ana da abin da wuri yake tunatarwa, ba gwanintar gini ko tsufa ba. Ba wannan ne karon farko ba, domin tsohon birnin Waso na Poland, wanda aka sake ginawa bayan yaƙin duniya na biyu, ya shiga jerin tun 1980. Saboda haka wanda ya rubuta 1566 a ƙasan hoto yana maganar tsari ne, wanda ya rubuta 2004 yana maganar dutse.

Inda iyakar take

Ga inda gizo yake saƙa. Jawaban ranar buɗewa sun yi ta cewa gadar ta sake haɗa Musulmin gabas da Kiristan yamma. Taswira ba ta ce haka ba. Fagen daga na 1993 wani babban titi ne da ake kira Bulevar, 'yan ɗaruruwan mitoci yamma da kogin. Ƙafafun gadar biyu duk a ɓangaren Musulmi suke. Wanda ya tsallaka ta daga gabas zai sauka ne a cikin tsohuwar kasuwa da masallatai, sai ya ƙara tafiya kafin ya kai titin da ya raba gari.

Bayan yaƙi an kasa birnin gida shida, uku na Bosniyak, uku na Kuroshiyawa. A 2004 wakilin ƙasashen duniya a Bosniya, Paddy Ashdown, ya haɗe su da doka. A takarda gari ɗaya ne. A aikace jami'a biyu ce, manyan ƙungiyoyin ƙwallo biyu, Velež da Zrinjski, yara kuma suna karatu da manhaja biyu, har a makarantar da suke shiga ta ƙofa ɗaya. A kan dutsen Hum, inda aka riƙa harbo gabashin gari, an kafa gicciye mai tsayin mita 33 a shekarar 2000. Kuroshiyawa suna cewa alamar imaninsu ce, Musulmi da yawa suna ganinsa tsokana. Ƙidayar 2013 ta nuna Kuroshiyawa kimanin kashi 48 cikin ɗari, Bosniyak 44, Sabiyawa kuwa sun koma wajen kashi 4. Zaman 'yan marina ake yi, kowa da inda ya sa gaba.

Masu kare kirarin sulhu suna da tasu hujjar. Kuɗin Kuroshiya yana cikin ginin. Mutane suna tsallaka Bulevar kullum zuwa aiki da kasuwa ba wanda ya tare su, kuma ba a koma faɗa ba. A ganinsu alama ba sai ta zauna daidai kan iyaka take yin aiki ba. Masu suka kuma suna cewa gadar ta ba ƙasashen waje hoton nasara da wuri, aka tafi aka bar matsalar siyasa ba a warware ba. Shekarun da suka biyo baya sun fi ba masu sukar ƙarfi: daga 2008 har zuwa Disamba 2020 ba a yi zaɓen ƙaramar hukuma a Mostar ba, saboda manyan jam'iyyun ɓangarorin biyu sun kasa daidaitawa kan dokar zaɓe. Sai da wata malamar makaranta, Irma Baralija, ta kai ƙara kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta yi nasara a 2019 kafin aka motsa.

Abin da mutumin gari ya samu

Riba ta zahiri ita ce baƙi. Da bazara motocin 'yan yawon buɗe ido suna zuwa daga Sarayebo da Dubrovnik, titin Kujundžiluk, tsohuwar unguwar maƙera, yana cika maƙil. Ana jin ƙarar guduma a kan jan ƙarfe, ana sayar da butocin gahawa da faranti, har da alƙaluman da aka yi da kwanson harsashi. Wanda yake son ganin bakan gaba ɗaya yakan hau hasumiyar masallacin Koski Mehmed Pasha na ƙarni na 17, ko ya gangara bakin ruwa ya ɗaga kai. A saman gadar dutsen ya yi santsi, dole mutum ya riƙa taka 'yan kangin da aka jera a kan hanyar don kada ya zame. A wani lungu kusa da ita akwai dutse da aka rubuta wa gargaɗin kada a manta da 1993.

Sai masu tsalle. Samarin garin sun daɗe suna faɗawa kogin daga ƙololuwar gadar, an rubuta labarin haka tun 1664, kuma tun 1968 ake shirya gasa a kai duk shekara. Yau sana'a ce. Saurayi zai tsaya a bakin gadar, abokinsa yana zagayawa da hula yana tara kuɗi a hannun baƙi, sai sun kai adadin da suke so sannan ya watsa wa jikinsa ruwa, domin Neretva sanyi ƙarara gare shi ko da tsakiyar zafi, ya buɗe hannuwa ya tafi.

Sai dai kuɗin bai cika nisa da gadar ba. Yawancin baƙin 'yan sa'o'i suke yi su koma, cinikin na 'yan watanni ne, kuma a 'yan titunan tsohon gari yake tsayawa. A shekaru goma sha biyun da aka yi ba zaɓe, babu majalisar gari da mazauni zai kai wa kukan shara ko gyaran titi a mafi yawan lokacin. Matasa daga ɓangarorin biyu suna ta ficewa neman aiki a Jamus da Ostiriya, kuma a kan Bulevar har yanzu akwai gine-ginen da ramukan harsashi suke jikinsu, tafiyar 'yan mintoci daga wurin da ake ɗaukar hoto.